Katin Visa na lodi a jirgin ruwan yawon Bahar Rum: inda yake amfani da inda yake gazawa

Bankunan Garwa, Marwa da Ngaundare a Kamaru suna ba da katin Visa wanda ba a haɗa shi da asusu ba, sai abin da ka loda masa na sefa kake kashewa. Masu shirin mako guda a jirgin kamfanin MSC ko Costa, daga Marsey zuwa Jenowa, Nafoli da Barselona, wasunsu shi suke riƙewa. Hukuncinmu a kansa: a tudu kati ne mai kyau, amma kada a ɗaura shi a kan asusun cikin jirgi.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar shiga za a ba ka katin jirgi, shi ne makullin ɗakinka, shi ne kuma jakar kuɗinka. Shayi, wanki, intanet, yawon gari, duk a kansa ake rubutawa, a biya a daren ƙarshe. Kafin nan sai ka ba da jingina: ko katin banki ko yuro a hannu. Idan kati ka bayar, kamfanin zai sa a riƙe wani adadi, bashi ya ƙaru a sake riƙe wani. Mai katin bashi na gaske ba ya jin wannan, domin daga rancen banki ake riƙewa. Mai katin lodi kuwa daga guminsa ne. A ce ka loda sefa 300,000, wato yuro 457, aka riƙe 250. Saura 207 kawai za ka iya taɓawa a kasuwar Barselona. Mafi ciwo, ranar sauka ana iya cire ainihin bashin alhali riƙon farko bai sake ba, kuma sakinsa kan kai makonni, wani lokaci wata guda. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar katin lodi, musamman wanda babu sunan mai shi a jiki, don haka a tambayi ofishin da ya sayar da tikitin tun kafin a biya.

Abin da ya fi shi ne a zuba yuro a asusun jirgi, a teburin karɓar baƙi ko a na'urar da aka tanada. Lissafin ba wuya. Akwai kuɗin hidima da ake rubuta wa kowane babba kullum. Idan yuro 12 ne, miji da mata a kwana 7 sun ci 168, sama da sefa 110,000, tun ba su sha ko lemo ba. Abin sha ma sau da yawa ana ɗora masa kashi 15 cikin 100. Abin da ya yi saura daga yuron da aka zuba a karɓe shi kafin safiyar sauka, domin layin ranar ba ya da daɗi.

A tudu ne katin yake nuna kansa. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka a Faransa, Italiya da Sifen canji ba ya yi maka tsalle, sai dai ladan da bankinka ke cirewa. Ladan cirewa a na'urar ATM ya fi na biya a kanti zafi, gara a cire sau ɗaya mai kauri. Dokar canji ta BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta ba matafiyi damar kashe sefa miliyan 5 da kati a tafiya guda ba tare da kawo hujja ba, amma bankinka na da tasa iyakar ta rana ko ta mako, wadda za ta iya fin wannan ƙanƙanta. A je reshe a sa su buɗe katin don waje, su faɗi iyakar a rubuce. Katin GIMAC zalla, wato katin bankunan yankinmu, a bar shi gida, aikinsa a ƙasashen CEMAC ne, wato na Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa.

Wata matsalar ita ce lambar sirri da banki ke turowa ta saƙon waya idan za a sayi abu ta intanet. Layin MTN ko Orange, ko Airtel da Moov ga mutanen Njamena, sai an buɗe masa yawon waje saƙon zai iso, a tsakiyar teku kuma layin jirgi ne ke kamawa, mai tsadar gaske. Tikitin yawon gari a saye shi tun ana gida.

Yuro a canzo shi tun daga nan, domin da wuya ka sami mai karɓar sefa a tashoshin Turai. A nemi takardun 10, 20 da 50, kantuna da yawa ba sa karɓar na 200 da 500. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan. Babban kuɗi da fasfo su zauna a akwatin ƙarfen ɗaki, a fita gari da kati da abin da bai wuce yuro 50 ba, a aljihun gaba, don 'yan sane na titin Rambla a Barselona sun ƙware.