Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar gem a Gombe: sunan furosesa ba shaida ba ne

Jama'a, a yi hattara da tallan "kwamfutar gem mai ba da 240 FPS" (FPS shi ne yawan hotunan da gem ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya) da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Matasan Gombe da suka daɗe suna tara kuɗi don Valorant, CS2 ko Fortnite ake hari, kuma yawancin cutar a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ake yin ta, domin yana ɓoye ƙarƙashin fanka, mai saye sunansa kawai yake gani.

Monita mai 60Hz tana bai wa kwamfuta milisakan 16.7 ta haɗa hoto ɗaya. A 144Hz lokacin ya dawo 6.9, a 240Hz kuwa kusan 4.2. A irin waɗannan wasannin, musamman a 1080p, katin girafik kan gama nasa ya zauna jiran furosesa. Abin da ke ɗaga FPS a nan shi ne saurin kowace ƙwaya ɗaya (ƙananan sassan furosesa masu yin lissafi) da girman L3, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesan. Yawan ƙwayoyi ba ya maye gurbinsu, kuma a wannan giɓin macuta suke cin abinci.

Yaudarar da ta fi yawa ita ce ta Xeon, furosesan Intel na saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni. Za a ce maka "ƙwaya 12, daidai da i9", a saka shi cikin akwati mai gilashi da fitilu kala-kala. A ciki E5-2670 v3 ne, furosesan saba na 2014 wanda gudunsa bai wuce 3.1GHz ba, ko E5-2680 v4 na 2016, a kan bod ɗin X99 marar sananniyar alama. Ba a ce ba ya aiki ba. Yana buɗe gem, yana ma kyau ga wasu ayyukan. Amma da rikici ya kaure a cikin wasa, FPS sai ya zube, hoto ya riƙa tsalle, kuɗin monitarka mai 240Hz sun tafi a banza. Ga shi Windows 11 ba ta amince da shi a hukumance ba, domin daga janareshan na 8 na Intel take farawa, Valorant kuma a kan Windows 11 tana neman matakan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot. Sayar da Xeon ba laifi ba ne. Kiransa i9 da karɓar kuɗin i9 shi ne zamba.

Haka "Core i7" da ba a faɗi lambarsa ba. i7-3770 na 2012 ne, i7-4790 na 2014, kuma ƙaramin i3-12100F na 2022 ya fi su a gem. Duk mai sayarwar da ya ƙi faɗin cikakkiyar lamba, a bar masa kayansa.

Kada hoton allo ya ruɗe ka. Sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanan kwamfuta rubutu ne a cikin rajista, layin ProcessorNameString, kuma cikin minti ɗaya ake sauya shi ya koma duk abin da aka ga dama. Rubutun murfin furosesa ma ana goge shi a buga sabo, ko a manna siririyar sitika. A 2024 an bankaɗo jabun Ryzen 7 7800X3D a Turai, da aka ɗaga murfin babu komai a ƙasa. Saboda haka ka je da filash ɗinka, da CPU-Z da HWiNFO, manhajojin da ke nuna ainihin kayan cikin kwamfuta, waɗanda kai ka sauke daga shafinsu, kada ka yi amfani da na cikin injin mai kaya. Wuce suna, ka duba soket (mazaunin furosesa a kan bod), yawan ƙwayoyi da L3. 7800X3D da 7700X duka ƙwaya 8 ne a soket ɗin AM5, amma na farko L3 ɗinsa 96MB ne, na biyu 32MB. Ryzen 5 5600 yana da 32MB, 5500 da 5600G kuwa 16MB, kuma bambancin yana fitowa a FPS. In ka ga "Genuine Intel CPU 0000" ko alamar ES, samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba, ba shi da garanti.

Akwai wata mai ciwo, domin kayan na asali ne: i7 da i9 na janareshan 13 da 14 na hannu, irin su 13900K da 14900K. Intel ta amince a 2024 cewa yawan wutar da suke ja yana lalata wasunsu a hankali, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, manhajar da ke cikin bod. Gyaran rigakafi ne, wanda ya riga ya lalace ba ya dawowa. Irin wannan yana kunnuwa lafiya a shago, sai ka kai gida gem ya riƙa mutuwa lokacin lodi, wani sa'in da saƙon cewa ma'ajiyar katin girafik ta cika alhali katin lafiyarsa ƙalau. In farashinsa ya yi araha fiye da kima kuma babu rasit, ka san dalili.

Gwaji kafin biya ba alfarma ba ce. A kunna manhajar gwajin furosesa ta Cinebench na minti 10 ana kallon zafi a HWiNFO: iyakar 7800X3D digiri 89 ce, ta Intel 100. Injin da ya kai iyaka ya rage gudu a shago mai sanyi, me zai yi a zafin Afrilu na Gombe? A saka RAM guda biyu a tabbatar dukansu sun fito, domin ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe, a jikin furosesan AM4 ko cikin soket na AM5 da LGA1700, tana iya kashe layin RAM guda. Sannan a buga ainihin gem ɗin da za ka yi, cikin wasa da mutane, ana kallon FPS mafi ƙanƙanta.

Mai cewa "turo kuɗi in saka maka a mota daga Legas ko Kano, ka karɓa a tasha", sai dai in kana da ɗan uwa ko amintaccen injiniya a can da zai yi wannan gwajin a gabansa. A rubuta cikakkiyar lambar furosesa da lambar siriyal a rasit, da kwanakin da za a iya mayar da kaya, kuma asusun da za ka tura wa kuɗi ya dace da sunan da ke kan rasit ɗin.