Gargaɗi ga masu sayen ƙananan jiragen ƙasa: wani mai sayar da kayan shantin ya cinye mana fam 620

Jama'a, fam 620 ne. Kafin alƙalami fam 200, cikon fam 420. Mu uku muka haɗa kuɗin, kuma har yanzu mutumin nan yana nan yana tallata kaya a dandalin saye da sayarwa na masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa a nan Ingila, suna kawai ya canza. Hotunan hirarmu da shi, da rasiɗin banki, da hoton abin da ya aiko, duk suna hannunmu, za mu saka su da zarar mun gama goge lambobin asusu.

Ga abin da aka yi ciniki a kai, duk a ma'aunin OO, wato 1:76 a kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Kan jirgi biyu samfurin Class 08 (kan jirgin dizal na Birtaniya mai jera taragai) masu sauti, fam 145 kowanne, fam 290 ke nan. Taragai 16 gajeru na ɗaukar kwal, fam 160. Masauyin layi guda 6 na kamfanin Peco, Electrofrog (mai hancin ƙarfe da wuta ke bi), dogo mai lamba 75 (wato marar tsayi sosai), fam 60. Na'urar sarrafawa ta DCC (tsarin dijital na tuƙa jirage ta cikin dogo), fam 95. Kuɗin aikawa fam 15. Ku haɗa da kanku, fam 620.

Duk wanda ya san shantin, wato jujjuya taragai tsakanin layuka don haɗa jirgi, ya san dalilin wannan lissafi. Tsarin Inglenook na Alan Wright muka nufa, guda biyu. Kowanne na buƙatar masauyi biyu da taragai takwas: layi ɗaya ya ɗauki biyar, biyun su ɗauki uku-uku, layin ja da baya kuma ya ɗauki kan jirgi da tarago uku kacal. Aikin shi ne ka haɗa jirgi mai tarago biyar a jerin da aka zaɓa, kuma jeri 6,720 ake iya samu daga taragai takwas ɗin nan. Katako mai tsawon kusan santimita 120 ya isa. A irin wannan wasa gudu ba shi da amfani ko kaɗan. Abin da ake nema shi ne kan jirgin da zai yi rarrafe a kan masauyi ba tare da ya tsaya ko ya yi tsalle ba. Shi ya sa Class 08, wanda na gaskensa aka ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962 don wannan aikin, kuma yawancinsu ba sa wuce mil 15 a awa.

To bidiyon da ya turo, shi ne ya kashe mu. Kan jirgi baƙi, yana tafiya a matakin gudu na ɗaya cikin 128, sandunan ƙafafunsa suna juyawa a hankali kamar ana ƙirga su, ya haye masauyi uku a jere bai ko girgiza ba, injin yana gurnani. Ya tura tarago biyu, ya tsaya a kan maganaɗisun da ke kwance ƙugiya, ya saki, ya ja baya. Sau nawa muka kalli wannan bidiyo kafin mu biya, Allah kaɗai ya sani. Sau nawa kuma muka kalle shi bayan nan. Sai a kallo na bayan nan muka lura cewa lambar da ke jikin ɗakin direba a bidiyon daban take da ta hoton talla, kuma babu hannunsa, babu muryarsa, babu komai da ke nuna teburinsa ne. Bidiyon wani bawan Allah ne ya ɗauko ya yanke.

Kada wani ya zo ya ce mana araha ce ta rufe mana ido. Fam 145 a kan na hannu mai sauti yana da sauƙi, amma bai kai sauƙin da zai sa mai hankali ya gudu ba, musamman ga wanda ya ce yana kwashe kaya gaba ɗaya ne don zai koma ma'aunin N, wanda ya fi OO ƙanƙanta. Mun yi masa tambayoyi, ba mu tura kuɗi da ka ba. Mun tambaye shi tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa, ya ce milimita 14.5, kuma ya gwada kowace da ma'auni. Daidai. Mun tambaye shi wace dikoda ce a ciki, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarnin DCC, ya ce LokSound ta ESU, a soket mai fil takwas, da kafasita don kada wuta ta yanke a kan datti. Shi da bakinsa ya ce kada mu sayi Insulfrog don shantin, saboda hancin masauyin roba ne, kan jirgi mai gajeren ƙafa shida yana mutuwa a kai. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba kowa ya san ta ba. A nan muka saki jiki. Mutumin da zai hana ka sayen abin da bai dace ba, ta ina za ka zarge shi? A nan ne, a kan wannan maganar ta Insulfrog, muka ce wannan namu ne. Kuma abin da ya aiko mana Insulfrog ne.

Fam 200 na farko ta PayPal suka tafi, ta hanyar aika wa dangi da abokai, wai don a kauce wa kuɗin caji. Mun san wannan hanya ba ta da kariyar mai saye. Mun sani. Amma lokacin ya riga ya turo hoton kwalaye a ɗaure, kuma ya ce wani yana jira da kuɗi a hannu. A'a, hoton kwalayen bayan nan ne, ranar da ya nemi cikon. Abin da ya fara turowa hoton ƙasan kan jirgin ne, wanda muka nema, kuma ya zo a dishi-dishi, ya ce wayarsa ce ta tsufa. Cikon fam 420 ta banki ya tafi. Manhajar bankin ta nuna sunan asusun bai yi daidai da sunan da muka rubuta ba. Ya ce asusun matarsa ne. Wannan gargaɗi ya fito a allo ƙarara, muka danna ci gaba. Fam 420 a danna ɗaya.

Ƙunshi ɗaya ya iso, mai lambar bibiya, aka sa hannu aka karɓa. Ga abin da ke ciki, ku karanta da kyau don wannan ne zai amfane ku.

Kan jirgi na farko tsohon ƙirar nan ne da ya samo asali tun shekarun 1950, an shafa masa baƙin fenti. Gane shi ba wuya in da mun ga hoto mai kyau. Class 08 na gaske firam ɗinsa a waje yake, ya rufe ƙafafu, sandunan suna juyawa ne a wajen firam. Tsohon ƙirar kuwa an ɗora bodi ne a kan shasin kan jirgi mai tururi, ƙafafun a fili. Leɓen ƙafarsa mai zurfi ne, a dogo mai lamba 75 yana bugun 'yan kujerun da ke riƙe dogon, kana jin kar-kar-kar, in ya zo masauyi sai ya hau ya faɗi. Babu soket, babu dikoda, wutar DC zalla yake ci. Ku kiyaye, in kuka ɗora irin wannan a layin DCC, inda wuta take tsaye a kan dogo kullum wajen bolt 14 zuwa 16, injin zai yi ta ƙugi yana zafi ko da jirgin ba ya motsi, in an bar shi ya ƙone.

Na biyun ya fi ciwo, don bodinsa na kirki ne, mai firam a waje. Muka ɗora shi a layin gwaji muka nemi CV8, inda lambar kamfanin da ya ƙera dikoda take. In ESU ce, 151 za ta fito. Babu abin da ya fito, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Muka kwance sukurori muka ɗaga bodi: an cire dikoda, an mayar da toshiyar soket, wayoyin lasifika biyu an datse su da almakashi suna reto, tabon gam ɗin da ya riƙe kafasita yana nan. Dikodar sauti ita kaɗai tana kai wajen fam 100, don haka ya cire abin da ke da kuɗi ya aiko mana kwanso. A wutar DC ma ɗingishi yake. Hannun juyawa na ƙafar tsakiya ya saki a kan sandarsa. Dole hannayen gefen dama da na hagu su kasance da tazarar digiri 90, duka uku daidai da juna, in ɗaya ya goce ko kaɗan sandar haɗi za ta cije sau ɗaya a kowane zagaye. A gudu ba ka lura sosai, a rarrafe kuwa tsayawa yake cak. 'Yan ƙarafan da ke ɗaukar wuta daga bayan ƙafa, biyu cikin shida ba sa taɓa komai, sauran sun yi baƙi da tsohon mai.

Taragai biyar ne maimakon 16. Biyu cikinsu ma na HO ne, 1:87. Suna hawa dogo ɗaya da OO, shi ya sa a hoto ba a ganewa, amma ka jera su sai ka ga sun fi guntu sun fi siriri, tsayin ƙugiyarsu daban. Sauran ukun ƙugiyarsu babba ce, an zuba ta haɗe da shasi, babu aljihun ƙugiya na NEM 362 da za ka zare ta ka sa ƙugiyar Kadee lamba 18 ko 19, wadda maganaɗisu ke kwancewa. Alhali ya rantse duk suna da aljihu. Sandunan ƙafarsu kuma na ƙarfen da maganaɗisu ke ja ne, don haka ko ka yanka ka manna Kadee, tarago zai riƙa zamewa da kansa zuwa kan maganaɗisun da ke ƙarƙashin dogo, ya sake maƙalewa bayan ka sake shi. Shantin ba ya yiwuwa da haka.

Masauyi biyu ne maimakon shida, lamba 100 ba 75 ba, Insulfrog, ɗaya babu ɗan sifirin ɗin da ke riƙe harshen a gefe. Na'urar sarrafawa ta fam 95 ba ta zo ba sam. Ya ce tana ƙunshi na biyu. Lambar bibiyar da ya bayar ta ƙunshi na biyu, da muka duba, ta ƙunshin farko ce ya sake turowa.

Yanzu mun gane me ya sa ya wahalar da kansa ya aiko tarkace maimakon ya gudu kawai. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'ida a Birtaniya da ta tilasta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa fam 85,000. Amma ƙa'idar ba ta shafi rigimar ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa ba. In akwai shaidar an kai ƙunshi an sa hannu, zai ce kaya ya sayar, mu ne ba mu gamsu ba. Wannan ƙunshin garkuwarsa ce. Mun kai ƙara banki duk da haka, da hotunan talla da na abin da ya zo gefe da gefe, muna jira. Fam 200 na PayPal kuwa babu ma inda za a shigar da ƙorafi, tunda a rubuce kyauta muka ba aboki.

Da muka yi masa magana, da farko ya ce ɗansa ne ya ɗaure kayan ya yi kuskure, ya haɗa namu da na wani. Ya ce mu mayar zai aiko na gaskiya, amma mu ƙara fam 35 na inshora. Bayan fam 620, wai mu ƙara fam 35. Ba mu ba shi ba. Kafin nan ma, tun ranar da ya karɓi cikon, kwana huɗu ya yi bai amsa saƙo ba, ya dawo ya ce yana asibiti, muka yi masa fatan samun sauƙi da zuciya ɗaya. Da muka tura masa hoton wayoyin lasifika da aka datse, sai ya toshe mu, mu ukun, a cikin awa ɗaya. Tallar ta ɓace. Bayan mako biyu ga ta nan ta dawo da wani suna, hotuna iri ɗaya, bidiyo iri ɗaya, labarin komawa ma'aunin N iri ɗaya, har da shawarar Insulfrog a ƙasa.

Abin da ke ci mana rai, mutumin nan ya san aikin. Wanda bai taɓa yin shantin ba ba zai san milimita 14.5 ba, ba zai san hancin roba yana kashe gajeren kan jirgi ba. Ya zauna cikinmu ya koya, ko kuma ɗayanmu ne da ya lalace. Da saninmu ya kama mu, don amsoshin da muke jira su ya ba mu. Mun gwada iliminsa, ya ci jarrabawa, ba mu gwada ko kayan suna hannunsa ba. Kuma bidiyon nan, kan jirgin nan yana rarrafe a kan masauyi uku, har yanzu yana cikin wayoyinmu.

Ku nemi sabon bidiyo da takarda mai sunanku da kwanan wata a gefen dogo. Ya karanta CV8 kuna gani. Ya ɗaga bodi ya nuna dikoda, ya kifa jirgin ya nuna ƙafafu da aljihun ƙugiya, ya jera taragai duka ku ƙirga. Ku biya ta hanyar kaya da hidima ta PayPal, wadda ke da kariyar mai saye. In banki ya ce suna bai dace ba, ku tsaya. Duk wanda ya ga tallar Class 08 biyu baƙaƙe da taragai 16 da masauyi 6, ya tuntuɓe mu kafin ya tura ko fam ɗaya, mu nuna masa hotunan.