Waziri maci amana ko dodo mai gadin rijiya: wane juyi ya fi dacewa da wasanka?

Ɗan'uwa, na karanta tambayar da ka ajiye a zaurenmu, kuma ga yadda na fahimce ta. Kai ne mai jan wasa ga mutum biyar da kuke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a Unguwar Rimi, kuna bin ƙa'idojin Dungeons & Dragons bugu na biyar wanda ya fito a 2014, wato wasan da mutum ɗaya yake jan labari, sauran suna taka rawar jarumai, ana jefa dayis a ga ko abin da jarumi ya gwada ya yiwu, sai dai ka dasa labarinka a wani tsohon birni mai ganuwa irin namu. A birnin rijiya ɗaya ce tak, a cikinta akwai dodo da ba ya barin a ɗebi ruwa sai rana ɗaya a mako, kuma Waziri ne ya kira jaruman 'yan wasanka ya yi musu alkawarin lada idan suka kashe shi. Zama huɗu kake da shi, juyi biyu kuma, wato sauyin ba-zata a labari, suke yi maka yawo a rai. Na farko shi ne Waziri ne ya sa dodon a rijiyar domin talakawa su juya wa Sarki baya, shi kuma ya haye gadon sarauta. Na biyu shi ne dodon mai gadi ne, kashe shi ne zai jawo wa birnin masifa.

Kafin a auna su, dole a duba abin da mutum biyar ɗin nan suke shigowa da shi a kawunansu, domin juyin labari ba ya aiki sai a kan abin da mai sauraro ya riga ya sa rai. Duk Bahaushen da aka ce masa ga rijiya, ga wata halitta da ta hana ɗibar ruwa sai rana ɗaya, ga baƙo ɗauke da takobi, to tunaninsa ya tafi Daura, wurin rijiyar Kusugu da macijin da Bayajidda ya sare wa kai, har ya auri sarauniya. 'Yan wasanka za su zauna suna da tabbacin cewa aikinsu shi ne su maimaita wannan jarumtaka, ba tare da ka faɗa musu ko kalma ɗaya ba. Haka kuma duk wanda ya wuce ta kan Magana Jari Ce na Abubakar Imam a makaranta ya san Waziri mai ƙulla makirci a bayan Sarki, ya san shi tun yana yaro. Saboda haka juyin farko yana tabbatar musu da zargin da suka zo da shi ne kawai, ina ma kyautata zaton cewa tun a zaman farko wani daga cikinsu zai ce, cikin raha, wannan Wazirin bai kwanta masa ba. Juyi na biyu kuwa yana kifar da abin da suka ɗauka tamkar gaskiyar da ba ta buƙatar bincike. A nan dodon ya sha gaban Waziri da tazara mai yawa.

Sai dai Waziri yana da nasa amfanin, kuma ba ƙarami ba ne. Cin amana yana da fuska, yana da murya, yana da mutumin da aka ci abinci tare da shi, shi ya sa yake tafasa zuciya fiye da kowane irin juyi. Shirya shi ma ba shi da wuya: wasiƙa mai hatimi da aka tsinta a jakar wani manzo, taswirar da aka ba jarumai da gangan ba daidai ba, da dogarin da ya san abin da bai kamata ya sani ba, sun isa. Bayan an tona asiri kowa ya san abin yi, a koma fada a yi arangama, a tashi da murna. Da a ce zama ɗaya ne kake shiryawa, na awa uku, ga sababbin shiga da ba su gama sanin wane dayis ake jefawa ba, da Waziri zan ce ka ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba.

Kuɗin da ake biya a kansa ne yake zuwa daga baya. Ni kaina na taɓa yin wannan juyin a wani wasa da na ja a Malali, inda mai masaukin jarumai ya sayar da su ga abokan gaba, daren kuwa ya yi armashi ƙwarai. Amma a zaman da ya biyo baya, wata tsohuwa a cikin labarin ta miƙa musu ƙwaryar fura a bakin hanya, sai suka shafe kusan rabin awa suna yi mata tambayoyi irin na 'yan sanda, daga ƙarshe suka zubar da furar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ɗauki makonni kafin su sāke yarda da wani mutum a labarin, alhali mai jan wasa ba shi da wata hanyar isar da aiki ko labari ga jarumai sai ta bakin waɗannan mutanen. Idan kana da niyyar ci gaba da wannan birni bayan zama huɗun nan, ka sani amanar da za ka kashe a kan Waziri daga asusun duk sauran mutanen birnin za ka ciro ta.

Juyin dodon ba ya taɓa wannan asusu, amma yana da nasa ramin, kuma ya fi zurfi. Idan jarumai suka kashe dodon bisa umarnin da kai ka ba su ta bakin Waziri, sannan ka ce musu ai sun yi ɓarna, za su ji kamar ka haƙa musu rami ne ka rufe da ciyawa, kuma suna da gaskiya. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wannan wasa a 1974, abin da ya raba shi da tatsuniya shi ne masu sauraro ba sa cewa "ta zo mu ji ta" su yi shiru har a kai ƙurunƙus. Akalar tana hannunsu, kuma suna son su ga cewa abin da ya faru daga zaɓinsu ya fito. Don haka wannan juyin ba ya halatta sai an shimfiɗa alamominsa tun kafin a zare takobi, ta yadda in gaskiya ta bayyana za su dafa kai su ce ai mun gani, mu ne ba mu lura ba.

Abu na farko shi ne ka san dalilin da ya sa dodon yake yin abin da yake yi, dalilin da za a iya gani da ido. Ga shawarata: a can ƙasan rijiyar akwai ƙofar dutse da aka rufe wani mugun aljani a bayanta, hatimin da ke kanta kuma ba ya riƙewa sai yana nutse a cikin ruwa. In aka yi ta ɗiba kullum ruwan zai ja baya, hatimin ya bushe ya tsage. Kwana shida da dodon yake hana ɗiba, lokacin da idon ruwa yake buƙata ne ya sake cika rijiyar. Da zarar ka riƙe wannan, alamomin da kansu suke fitowa. Akwai layin da aka sassaƙa a jikin bangon rijiyar wanda ruwa bai taɓa sauka ƙasa da shi ba. Akwai cewa duk tsoron da ake yi wa dodon, ba a iya nuna kabarin mutum ɗaya da ya kashe, igiyar guga kawai yake tsinkewa. Akwai tsohuwar da ta tuna cewa a zamanin kakarta, tuwon da ake kai masa daga rabon masu tsaron ƙofa ake ɗebo shi. Wadda na fi so kuwa ita ce kufan wani gari da jarumai za su ratsa a hanya, rijiyarsa a bushe ƙaf, ƙoƙon kan wani dodo rataye a ƙofar gari, ba kowa a ciki sai jemagu. Duk wanda ya taɓa zuwa Turunku ya ga ragowar tsohon mazaunin Zazzau ya san yadda kufai yake sa mutum ya yi shiru, to wannan shirun nake so ka ba su.

Na kawo alamomi huɗu ne da gangan. Justin Alexander, wani marubuci a kan irin waɗannan wasanni, ya rubuta wata ƙa'ida a 2008 da masu jan wasa suke yawan ambato, cewa duk gaskiyar da kake so 'yan wasa su gano, ka ajiye mata alamomi aƙalla uku, kuma lissafin dayis yana goyon bayansa. A ce ka ɓoye alama a bayan jifar dayis mai buƙatar jimillar 15, jarumin kuma yana da ƙarin 3 da ake haɗawa da abin da dayis ya nuna: sai dayis mai fuska 20 ya nuna 12 ko sama, wato fuska 9 cikin 20, kashi 45 cikin 100. Ke nan alama ɗaya tilo ta fi kusa da ɓacewa fiye da samuwa. In alamomi uku ne masu irin wannan wuya, yiwuwar a rasa dukkansu ta sauko zuwa kusan kashi 17, wanda har yanzu bai yi ƙanƙantar da za a dogara da shi ba. Shi ya sa kufan nan da layin bango kada ka sa musu jifa ko kaɗan, duk wanda ya duba ya gani; jifa ta tsaya a kan ƙarin bayani, kamar karanta rubutun da ke ƙarƙashin layin. Juyin Waziri ma yana buƙatar alamomi, amma matsalarsa akasin wannan ce, alama ɗaya tana iya fasa ƙwan tun ba a je ko'ina ba.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi raba su a wurina: me zai faru in 'yan wasa suka gano da wuri? In suka gano Waziri a zama na farko, labarinka ya mutu a tsaye, sai dai ka shiga kare shi da dabaru, ka hana su shiga fada, ka sa shaidu su ɓace, su kuwa za su ji hannunka a cikin abin. In suka gano gaskiyar dodon a zama na biyu, babu abin da ka rasa, domin a lokacin ne ainihin wahalar take farawa. Birni yana fama da ƙishi, rani ya kama, mata suna kwana a layin ruwa, an riga an karɓi rabin lada, ga shi kuma kashe dodon halaka ne. Za su iya komawa su shawo kan fada, za su iya neman wani idon ruwa a bayan ganuwa, za su iya sauka su yi magana da dodon, za su ma iya yanke shawarar buɗe ƙofar su fuskanci aljanin da kansu a gama da shi gaba ɗaya. Kowace hanya tana cin zama guda ko biyu, kuma ba kai ka zaɓa musu ba. Ko da sun yi gaggawa sun kashe dodon, labarin bai tsaya ba: ka ba su kwana bakwai na cikin labari, ruwa yana ja baya taku ɗaya kowace rana, mutanen gari suna ta biki suna ɗiba, su kaɗai suka san abin da ke tafe.

Haɗa juyin biyu, kamar yadda na san zuciyarka za ta raya maka, ban ba ka shawara ba a zama huɗu. In Waziri mugu ne kuma dodon mai gadi ne, nauyin zaɓin ya sauka daga kan jarumai, sai su ce ai yaudararmu aka yi, su tafi su kashe Waziri, alhali wannan nauyin shi ne ribar juyin. Ka bar Waziri ya zama mutumin kirki mai kuskure, wanda jikarsa ta kwanta ciwo saboda ruwan kududdufi, yake neman a buɗe rijiyar da zuciya ɗaya. Zargin da 'yan wasanka suka zo da shi a kansa zai yi maka aiki kyauta, domin za su ɓata lokaci suna bin sawunsa su tarar ba komai, idonsu kuma ya kauce daga rijiyar.

In kana son wani abu ya ba ka mamaki kai ma, akwai dabarar da Tracy da Laura Hickman suka yi amfani da ita a Ravenloft, wani shiryayyen labari na wannan wasa da suka rubuta, a 1983, inda katin karta da aka zara yake tantance wurin da muhimman kayayyaki suke da kuma manufar mugun labarin, ta yadda wasan yake sauyawa duk lokacin da aka sake buga shi. A gidajenmu, inda dayis kaɗai ma sai an yi wa iyaye bayani cewa ba caca ba ce, ba sai ka fito da karta ba. Rubuta sunayen sarauta uku a ƙananan takardu, Magajiya da Sarkin Ƙofa da Sarkin Ruwa, ka nannaɗe ka zuba a hula, wani ɗan wasa ya zaro ɗaya ya miƙo maka ba tare da ya buɗe ba. Wanda ya fito shi ne ya gaji sirrin hatimin daga kakanninsa, yake kuma ɓoye shi saboda rantsuwa. Ranar Asabar mai zuwa ka fara da kufan nan tun kafin jarumai su hango ganuwar birni, ka kwatanta ƙoƙon kan da ke ƙofa da jimla biyu kawai, in wani ya tambaye ka ma'anarsa ka ce masa babu kowa a garin da zai amsa.