iPad ko Galaxy Tab: wanne ya dace da dattijon da hannu ke ba shi wahala?

Ana yawan tambayata wanne za a saya wa iyaye ko kakanni da hannunsu ke rawa ko yatsunsu suka sandare.

Babbar matsalar ita ce taɓa allo. iPad tana da Touch Accommodations: a saita ta yi watsi da taɓawar da aka maimaita bisa kuskure, ko ta jira yatsa ya ɗan daɗe kafin ta amsa. Tun 2024 ma, sababbinta suna karɓar umarni da ido. Galaxy Tab ta kamfanin Samsung ita ma tana da irin wannan saitin taɓawa, ga kuma Assistant menu, wato ɗan maɓalli a kan allo da ke tattara umarni wuri guda, sai dai saitunan sukan bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, kuma wannan yakan rikita mai koyar da dattijo.

Umarnin murya akwai a dukansu, amma harsunan da suke ji kaɗan ne. A gwada da muryarsa kafin a biya.

Wajen kuɗi, Galaxy Tab A ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. iPad kuwa ta daɗe da yin suna wajen yin shekaru tana samun sabuntawar manhaja.

Wanda larurarsa ke ƙaruwa, ni iPad zan ba shi. Mai ɗan rawar hannu da ke son kiran bidiyo da sauraron karatu, Galaxy Tab da madogari mai ƙarfi sun ishe shi.