Leda ko fenti: abin da jikin motar Baba ya nuna mini

Motar da nake magana a kai Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1973, wadda marigayi mahaifinmu ya dawo da ita daga Faransa. Ba irin mai ƙofa huɗun nan ba ce da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Ita wannan kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ga ta ƙasa-ƙasa da dogon hanci, kuma 'yar'uwarta mai silinda shida ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1978. Shekara goma sha ɗaya ta yi a gindin darbejiya a gidanmu na Tudun Wada bayan rasuwar Baba. Da na tashe ta, inji bai ba ni wahala ba. Jikin ne ya ƙi. Jan fentin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kashin tsuntsaye ya ci rufin.

Babban ɗana ne ya matsa mini a kan leda, wato wadda ake manna wa jikin mota a maimakon fenti. Wai yanzu ba a ɓata lokaci wajen masu fenti, kwana uku an lulluɓe mota ta fito kamar daga kwali. Ya kai ni wani shago na samari a Sabon Gari. Ba zan ci haƙƙinsu ba, yaran suna da hannu. Na tarar da wata Corolla da suka mayar baƙa wuluk, na zagaya ta sau biyu ban ga inda leda ta haɗu da leda ba. Duk da haka na ce a fara gwadawa a murfin but kaɗai.

A gabana suka yi. Suka wanke, suka goge da sifirit, suka warware naɗin ledar mai faɗin mita ɗaya da rabi, ɗaya yana hura mata zafi da na'ura, ɗaya yana bin ta da abin lailaya. Kafin la'asar sun gama. Daga nesa murfin ya yi kyau ƙwarai. Da na matso na shafa, sai na ji duk wani ƙurji da ramin da ke tsohon fentin yana nan daram, har ya fi fitowa saboda sheƙi. Ledar nan kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, abin da ta tarar shi take ɗauka.

Wannan a watan Fabrairu ne. Ta sha ranar bazara, aka yi ruwan farko, zuwa Yuli gefen da ke kusa da makulli ya ɗaga, wani wuri ya kumbura kamar borin jini. Na huda da allura, jan ruwa ya fito. Tsatsa ce ta samu laima da duhu, ta ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye. Da aka zo ɓarewa, ledar ta taho da tsohon fentin falle-falle. Abin da ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya ce mini, "Alhaji, wannan jikin bai dace da leda ba," alhali sun gani da idonsu. Na kuma lura takardar bayan ledar ba ta da sunan kowane kamfani, ga shi kuwa irin su 3M suna buga sunansu a kai. Mai arahar ita ce ke tsukewa in ta sha rana, ta janye daga gefe.

Daga nan wani tsohon abokin Baba ya haɗa ni da wani dattijo mai fenti a wajen Kwangila. Bai yi mini maganar kala ba sam. Ya ciro mayen ƙarfe naɗe a tsumma, ya riƙa bin jikin motar da shi a hankali. A ƙofa ya kama. A madigadin baya na dama ya sulale ya faɗo. Ya ce, "Alhaji, nan ba ƙarfe ba ne, fila ce, ƙullun cike lotsawa, aka lafta tun zamanin maigida. In ka rufe wannan, ka yi kitso da ƙwarƙwata."

Nan na gane inda kuɗin ke tafiya. Aka cire gilasai da bamba da fitilu da duk farin ƙarfen ado. Aka kankare har sai da ƙarfe ya fito fes. Ƙasan ƙofofi biyu da kwanon but, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabon falle. Sannan fentin share fage, sannan fila 'yar kaɗan, sannan goga da sanfefa daga mai kaushi lamba 80 har zuwa mai laushi lamba 600. Akwai abin da yake yi da ya burge ni: sai ya watsa baƙin fenti sama-sama ya bi da sanfefa a kan katako, duk inda baƙin ya rage, to akwai kwari a wurin. Sau uku ya maimaita wannan a bonet kaɗai. Kalar kuma daga cikin ƙofa ya ɗauko ta, inda rana ba ta taɓa gani ba, ya haɗa ya fesa a gwangwani har sau biyar kafin ya yarda.

Ba shi da ɗakin gasa fenti. Rumfa ce da aka kewaye da tamfol, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi feshi bayan sallar asuba kafin iska ta motsa. Ya dage sai an gama kafin ƙurar hunturu ta sauko, kuma da ƙyar aka sha.

Laifinsa ma zan faɗa. Sati shida ya ce, wata uku da rabi ya ɗauka, kullum ko ba wuta ko janareto ya ƙi. Feshi ya taɓa robar ƙofar direba. Yaransa sun ɓatar da maƙalai biyu na farin ƙarfen gefe, waɗanda na mai ƙofa huɗu ba sa shiga wurinsu. Wanda ya fi damuna shi ne yaron da na gani yana feshi da hankici ɗaure a hanci. Fentin zamani da ake haɗa wa sinadarin ƙarfafawa yana lahanta huhu. Na yi magana, na sayo musu takunkumi mai matata guda biyu, na roƙi dattijon ya tsare su a kai.

Kuɗi kuwa ya kusa ninka na leda sau uku, kuma fiye da rabi a gyaran ƙarfe ya tafi. Mai sabuwar mota da fentin kamfani lafiyayye, wanda canjin kala kawai yake so na 'yan shekaru, ya je wurin samarin nan, amma ya nemi ganin sunan kamfani a bayan ledar, ya kuma tuna kalar da ke rubuce a takardun motarsa. Mai tsohuwa irin tawa, zan kai shi wurin dattijon da kaina, in ce wa mai motar ya ƙirga duk abin da aka cire ya tafi da shi gida a kwali.

Ran Juma'ar da na karɓo ta, Hajiya ta fito zaure da sandarta. Ta daɗe tana kallo, ta ɗora tafin hannunta a kan rufin, ta ce haka take ranar da aka kai ta Samaru a ciki. Maƙalan nan biyu har yanzu ina cigiya, na bar sallahu a Panteka ta Kaduna.