Kofin al'ada na silikon: alfanunsa da inda sababbin masu sawa ke cijewa

Kofin al'ada ɗan ƙaramin kofi ne na silikon mai laushi. Ana naɗe shi a tura cikin farji, ya buɗe, jinin ya riƙa taruwa a cikinsa maimakon ya jiƙa auduga. Yawancinsu suna cin mililita 20 zuwa 30, alhali jinin da mace ke zubarwa a al'ada ɗaya gaba ɗayanta galibi tsakanin mililita 30 ne zuwa 60. Shi ya sa ya dace da zaman Legas. Wadda ta bar Agege ko Mile 12 tun asuba, ta maƙale a danfo kan hanyar Oshodi, ba ta da inda za ta tsaya ta canza auduga. Kofi kuwa ana iya barinsa awa 8 zuwa 12, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. A 2019 mujallar The Lancet Public Health ta wallafa bitar bincike masu yawa, inda aka ga yoyonsa bai fi na auduga ba. Mai kyau kuma yana shekaru, wasu kamfanonin ma suna cewa har 10.

Hukuncinmu a kansa: kaya ne da ya ci kuɗinsa, amma watan farko da na biyu akwai jan aiki. Mafi yawan waɗanda suka jefa shi a durowa, matsalar da ta kore su tana da gyara.

Tun daga wajen saye ake fara kuskure. Masu suna irin su DivaCup, Mooncup, Lunette da Saalt daga waje ake shigo da su, sai a manyan kemis ko a intanet, kuma farashinsu na bin dala. A gefe guda ga masu araha marasa sunan kamfani, biyu a leda ɗaya. Ba duka ne marasa kyau ba, amma a nan ake samun wanda ya yi laushi da yawa har ba ya buɗewa a ciki, ko wanda ƙananan hujojin da ke ƙasan bakinsa ba su huje sosai ba. Kafin ki biya, ki ga an rubuta cewa silikon ne na asibiti, ki ɗaga shi ga haske ki ga hujojin a buɗe, ki shafa bakinsa ki ji ko akwai kaushi. In yana tashin warin roba, ki ajiye musu abinsu.

Kwali zai ce ƙarami na wadda ba ta kai shekara 30 ba kuma ba ta haihu da kanta ba, babba na wadda ta haihu. Wannan jagora ne kawai. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne nisan bakin mahaifarki, kuma a kwanakin jini ake aunawa, domin a lokacin yakan sauko. Ki wanke hannu, ki sa yatsa a hankali har ki taɓo wani abu mai ɗan tauri kamar kan hanci. In kin taɓo shi tun a gaɓar farko, yana kusa, gajeren kofi za ki nema. In sai yatsa ya shige duka, ko ma ba ki kai ba, dogo ne naki.

Wajen sawa, naɗin da aka fi nunawa shi ne a matse baki a ninka shi biyu. Yana da sauƙin koyo, sai dai kansa yana da faɗi, shi ne ke sa sabuwa jin zafi. Wanda ya fi shi: ki sa yatsa a gefe ɗaya na bakin, ki danna shi ƙasa zuwa cikin gindin kofin, ki matse. Kan zai tsuke ya yi tsini. Ki jiƙa shi da ruwa, ki tsuguna ko ki ɗora ƙafa ɗaya kan wani abu, ki tura shi ta wajen baya, wato ki nufi ƙarshen ƙashin bayanki, ba sama tsaye ba. Farji a karkace yake. Wadda ta tura sama za ta ji kamar hanya ta toshe. In ana buƙatar santsi, sai mai irin na ruwa da ake sayarwa a kemis. Basilin da man kaɗe ba nasu ba ne nan. A kuma rage farce.

Yoyo shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma kofin da kansa yana gaya miki dalili in kin duba shi lokacin cirewa.

In kin ciro shi kusan wayam amma wandonki ya ɓaci, to ɗayan biyu ne. Ko dai bai buɗe ba, ko ya wuce ta gefen bakin mahaifa, jinin yana zuba a bayansa. Don gane na farko, bayan kin sa, ki zagaya yatsa a gindinsa. Ya kamata ki ji shi a zagaye. In kin ji lotsawa, ki kama gindin ki juya shi, ko ki danna bangon farji gefe don iska ta shiga ya buɗe. Sai ki ɗan ja shi kaɗan: in ya yi gardama, ya kama. Na biyun kuma yana faruwa ne ga masu tura shi can ƙurya. Kofi ƙasa-ƙasa yake zama. Ki bar shi ya buɗe da zarar bakinsa ya shige, sannan ki tura shi a buɗe, zai tari bakin mahaifa da kansa.

In kuwa rabi ya cika amma ya zubo, bakin mahaifa ne ya sauko cikin kofin ya cinye wurin. Maganinsa a riƙa zubarwa da wuri a rana ta farko da ta biyu, ko a nemi mai faɗi. Akwai kuma ɗan ɗigon da ba yoyo ba ne, ragowar jinin da ke ƙasan kofi ne tun lokacin sawa. A share da yatsa a yi tsarki, shi ke nan. Hujojin nan ma suna toshewa da gudan jini. Ki cika kofin da ruwa, ki rufe bakin da tafin hannu, ki kifa ki matse, ruwan zai feso ta cikinsu. Har hannu ya faɗa, a haɗa da siririyar auduga, babu abin kunya a ciki.

Cirewa ce ke tayar da hankali. 'Yar'uwa, kofi ba ya ɓacewa a ciki, ƙofar mahaifa ba za ta iya shigar da shi ba. Yakan dai hau sama, musamman bayan barcin dare, kuma tsoro yana sa naman wurin ya ɗaure. Ki ɗan yi zirga-zirga na rabin awa, ki tsuguna sosai, ki yi nishi kamar mai bayan gida, zai sauko. 'Yar jelar da ke ƙasansa ta lalube ce, ba ta ja ba. Ki bi ta har ki kamo gindin kofin, ki matse shi iska ta shiga ya saki, sannan ki fito da shi kina karkaɗawa gefe da gefe, bakinsa na kallon sama. Fizgo shi ba tare da ya saki ba yana da zafi ƙwarai. In an yi duk wannan ya ƙi, kuma lokacinsa ya cika, a je asibiti a cire.

Jelar tana sukar wasu in sun zauna. A ciro kofin a rage ta da almakashi kaɗan-kaɗan, kada a taɓa gindin. Wadda kuma take jin fitsari kullum ko yana fita da ƙyar, bakin kofin ne ya yi tauri yana danne hanyar fitsari. Mai laushi za ta koma.

Inda kofi ya fi ba da wahala a Legas shi ne ruwa da banɗaki. A gidan haya mai banɗakin taraya, ko bayan gidan kasuwa, babu wurin ajiye komai. Ledar fiya wata ɗaya ta isa: a wanke hannu da sabulu, a zubar da jinin a masai, a ɗauraye, a mayar. Ruwan mai ruwa da ba a san tushensa ba, gara a bar shi. Ruwan sanyi ake fara sawa, domin na zafi yana kama tabo da wari. Sabulu mara ƙamshi kawai. Ban da Dettol, Izal da bilic. Bayan jini ya ɗauke, a tafasa shi minti 5 zuwa 10 a tukunyarsa ta daban, da ruwa mai yawa don kada ya kwanta a gindi ya ƙone. Ya bushe sarai, a sa shi a jakar yadi. Da damshin garin nan, leda ko robar da ke rufewa ruf sai ta sa shi wari.

Ba kowa zai yi wa ba. Mai jinin biƙi da wadda ta yi ɓari ba sa sawa sai likita ya yarda. Mai robar tsarin iyali a mahaifa ta fara tuntuɓar wadda ta sa mata, domin jan kofi na iya gusar da ita. Budurwa kuma ta sani tun farko cewa yana iya miƙar da fatar budurci ko ya yaga ta, sai ta yanke shawara da saninta. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da amai, jiri ko ƙuraje a jiki, a cire kofin nan take a tafi asibiti; cutar gubar ƙwayoyin cuta ce ake tsoro, ba ta cika faruwa ba amma tana kisa.

Kofi ba ya canza hukuncin haila, kuma ganinsa wayam ba ya wadatarwa. A kwanakin ƙarshe a cire shi a duba da farin ƙyalle ko auduga, a ga bushewa ko farin ruwa, sannan a yi wanka. Da yawansu suna da layukan awo a jiki. In jimillar wata ta haura mililita 80, ko yana cika duk awa biyu, ki rubuta adadin kowace rana ki kai wa likitar mata.