Masu haɗa kwamfutar gem, a yi hattara da 'yan katin GPU na bogi

Salam jama'a, musamman masu tara kuɗi don haɗa kwamfutar buga gem da masu son ɗaga tsohuwar da suke da ita. Dan Allah kafin ka tura wa wani kuɗin katin GPU (katin da ke fitar da hoton gem a sikirin) ko SSD (faifan ajiyar fayil) ko furosesa (cif ɗin da ke yi wa kwamfuta lissafi) ka ɗan tsaya ka karanta wannan, don damfarar da ake yi yanzu a harkar nan ta wuce a karɓi kuɗinka a gudu. Yanzu kayan za a aiko maka, cikin kwali mai kyau, ka saka a kwamfuta ya kama, har Windows ta rubuta maka sunan abin da ka biya kuɗinsa, amma abin da ke ciki wani abu ne daban.

Ƙanin wani abokina ne ya kawo min kwamfutarsa in duba masa, wai gem na ta fita da kansa. Ya sayi katin Nvidia GTX 1050 Ti mai ƙwaƙwalwa 4GB a wajen wani mai talla a intanet, mutumin ya ce nasa ne da yake amfani da shi, ya sayi babba shi ya sa zai rabu da wannan, har ya turo masa hoton Device Manager, wato inda Windows ke jera sunayen kayan da ke cikin kwamfuta, sunan katin na nan ɓaro-ɓaro. Kuma gaskiya in kana kallon bidiyo ko kana buga ƙananan gem na da, lafiya lau yake aiki. Amma da zarar an buɗe gem mai ɗan nauyi sai sikirin ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi, ya daskare, ya watso ka waje. Tun kafin in kunna na ga alama ta farko a bayan katin, wato ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan ramuka 15. Katunan zubin Pascal, su GTX 1050 da 1060 da suka fito a 2016, ba sa fitar da siginar VGA da kansu, HDMI ne da DisplayPort da DVI-D. Alama ta biyu ɗan faifan CD da aka sako a kwalin, an ce masa wai lallai da shi zai saka direba, wato manhajar da ke sa katin aiki da Windows, kar ya sauko da na shafin Nvidia. Da muka kwance fankar katin muka goge man da ke kan cif ɗin, wato zuciyar katin, sai ga GF106 a rubuce, wato GTS 450 ne na shekarar 2010, mai ƙwaƙwalwa 1GB. Mai kayan kuwa tuni ya yi masa bulok.

Yadda suke yi ba wani tsafi ba ne. Kowane kati yana da ɗan BIOS nasa, wata 'yar manhaja a jikinsa da ke gaya wa kwamfuta sunansa da yawan ƙwaƙwalwarsa, su kuma sai su sake rubuta wannan BIOS ɗin su sa tsohon kati ya riƙa cewa ni ne wane. Windows ba ta bincike, abin da kati ya faɗa shi take rubutawa. Shi ya sa gem ke mutuwa, shi yana ganin akwai 4GB sai ya yi ta loda kaya, yana wuce 1GB ɗin gaskiya babu inda zai zuba. Direban CD ɗin ma dalilinsa kenan, sabon direban Nvidia ya daina ɗaukar waɗancan tsofaffin katunan zubin Fermi, irin su GTS 450, tun 2018, to dole su ba ka tsoho da suka taɓa. Saboda haka duk wanda ya turo maka hoton Device Manager ko na Task Manager a matsayin shaida, wlh bai nuna maka komai ba.

Abin da ke tona su shi ne GPU-Z, manhaja ce ƙarama ta kyauta daga TechPowerUp, tun 2018 suka sa mata ta riƙa rubuta FAKE a gaban sunan irin waɗannan katunan. Ko ba ta rubuta ba ka duba wajen Shaders da kanka, wato yawan ƙananan sassan lissafi da ke cikin cif ɗin, 1050 Ti na gaske 768 ne, GTS 450 kuwa 192. Wannan lambar ce ba sa iya ɓoyewa cikin sauƙi. Amma fa hoton GPU-Z ɗin ma da aka turo maka ta waya ba hujja ba ne, zai iya zama na wani katin, ko ma an gyara shi. A gabanka za a kunna, ko a kira ka ta bidiyo kai tsaye kana gani ana saka katin ana buɗe manhajar, a nuna maka lambar siriyal ɗin da ke jikinsa, ka rubuta ta ka ajiye don ka gwada da wanda zai iso hannunka.

Kar masu manyan kuɗi su ce wannan matsalar masu neman araha ce. RTX 4090 ma an yi ta kama na bogi, kuma nasa ya fi muni. Bayan da Amurka ta hana shigar da shi Chaina a ƙarshen 2023, aka samu masu sayen katunan suna ciccire cif ɗin AD102 da ƙwaƙwalwar 24GB suna mayarwa kan wasu allunan don aikin AI, sai ya rage fanko, wato allo da fankoki da murfi, komai sabo fil amma babu zuciyar. Irin wannan fankon ne ake mayarwa kwali a sayar wa mutane. Ka saka fitilu su kama, fanka ta juya, hoto babu. Wasu ma masu gyara sun nuna wanda aka ɗauko cif ɗin zubin RTX 30 aka kankare rubutunsa aka buga AD102 a kai. In an ce maka kati bai nuna hoto amma ƙaramin gyara ne kawai yake so shi ya sa aka karya kuɗinsa, ka bar musu abinsu.

Sai katunan haƙar kirifto, wato waɗanda aka sa aikin lissafin samo kuɗin intanet. Da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da GPU a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ni ban ce duk katin da ya yi haƙa ya lalace ba, akwai masu kula da nasu sosai, kuma in mutum ya faɗa maka gaskiya ya rage maka kuɗi ai ciniki ne na halak. Inda matsalar take shi ne a wanke shi, a canza masa murfi, a liƙa sabuwar sitika a ce sabo ne dal. Ka duba allon ta baya ko ya yi rawaya-rawaya a daidai wajen cif, ka duba kan sukurori ko sun sha sukundireba, ka juya fanka da yatsa ka ji ko tana karkarwa. RX 570 da RX 580 na kamfanin AMD suna cikin waɗanda suka fi shan wannan wahalar, wasu har yanzu da BIOS ɗin haƙa a cikinsu, sai ka ga direban AMD ya ƙi hawa yadda ya kamata. Akwai kuma RX 580 2048SP, shi kam AMD ɗin ce da kanta ta yi shi don kasuwar Chaina, amma ƙarfinsa kusan na RX 570 ne, don Shaders 2048 gare shi, cikakken 580 kuwa yana da 2304. Mai talla zai rubuta RX 580 8GB da manyan baƙaƙe ya haɗiye sauran.

Ɓangaren SSD kuma abin har ya fi ban haushi don sai ka zuba kayanka sannan za ka gane. Za ka ga an rubuta 2TB, Windows ma ta nuna 2TB, alhali abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, an dai koya wa kwantirolansa, wato cif ɗin da ke tafiyar da shi, ƙarya ne. Kana kwafa yana karɓa, sunayen fayil duk suna nan a jere, amma duk abin da ya wuce girmansa na gaskiya ya tafi iska, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da shara. Ga mai gem kuwa, ka kwana kana sauko da abu mai sama da 100GB ya gama ya ce fayil sun lalace a sake. Wasu na waje masu kebul in ka fasa kwanson ɗan katin microSD ne kawai aka manne da gam. Maganinsa H2testw, yana cika faifan gaba ɗaya ya sake karantawa, yana cin lokaci sosai amma ba ya ƙarya, ko ValiDrive in kana sauri kuma na USB ne. In Samsung aka ce maka ka saka Samsung Magician ka ga ko zai amince da shi, an yi jabun 980 Pro da yawa, har da wani wai 1080 Pro wanda kamfanin bai taɓa yin sa ba ma. Abu ɗaya dai, in ka sayi 1TB ka ga Windows ta nuna wajen 931GB kar ka je ka kama mutum da faɗa, wannan bambancin lissafi ne kawai, haka kowane yake. CrystalDiskInfo kuma zai nuna maka awannin da faifai ya yi yana aiki, duk da cewa ƙwararrun ɓarayi suna iya goge wannan lissafin su mayar da shi sifili, an ga haka a farkon 2025 da tsofaffin faifan hard disk na Seagate da wasu dillalai suka riƙa sayarwa a matsayin sababbi.

Furosesa ba a cika yin jabunsa kamar kati ba amma ana yi, a ɗauko tsoho a liƙa masa rubutun sabo a kan murfin ƙarfen, ko a mayar da shi kwalin sabo. Ryzen na soket AM5, su 7800X3D, ba su da allurai a ƙasansu, shafaffu ne, alluran suna jikin madabod, wato babban allon da ake dasa komai a kansa. In ka buɗe kwali ka ga allurai to ba shi ba ne. Na Intel kuma in ka ga an rubuta Intel Confidential, samfurin gwaji ne da bai kamata ya shigo kasuwa ba, babu waranti, kuma ba kowane madabod ke ɗaukarsa ba. Manhajar CPU-Z za ta faɗa maka sauran bayanan furosesan.

Fawa saflai, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, shi kam ni shawarata kar ma ka saye shi a hannun wanda ba ka sani ba. Sitikar 80 Plus kowa zai iya bugawa, kuma ita kanta ba shaidar inganci ba ce, tana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai. An sha buɗe masu rubutun wat ɗari-ɗari a tarar an saka guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi a hannu. Kati na bogi kuɗinsa kawai za ka rasa, wannan kuwa ranar da ya tashi tafiya yana iya tafiya da madabod da katin gaba ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba jabu suke sayarwa ba, wayo ne kawai da rubutu, masu haɗaɗɗiyar kwamfuta. Keis mai gilashi, fitilun RGB ko'ina, a rubuta Core i7, 16GB RAM, katin Nvidia 4GB, shikenan. Wane i7? Don i7-2600 na 2011 ma i7 ne, kuma i3 na 'yan shekarun nan ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, ga shi Windows 11 ba ta karɓarsa a hukumance. Wane kati? GT 730 ma akwai mai 4GB, ba zai buga maka komai na zamani ba. Duk tallan da bai rubuta cikakkiyar lambar kowane abu ba, da gangan aka bar ta. Ka tambaya, in ya fara ce maka ai yana buga komai da komai yallaɓai, ka san amsar kenan.

Halinsu kusan iri ɗaya ne duk inda suke. Kuɗin ya yi ƙasa da na kowa sosai, sannan ga uzuri mai daɗin ji, tafiya ce ta kama shi ko kyauta aka ba shi bai san darajarsa ba. Kullum akwai wani da ke shirin biya yanzu-yanzu in ba ka yi sauri ba. Hotunan sun yi kyau fiye da kima don daga intanet aka kwaso su, ka ce ya ɗauki katin da takarda a gefe mai sunanka da kwanan watan yau, sai ka ji kayan na sito ko na hannun yaronsa. Masu yabonsa a ƙasan talla duk asusun jiya-jiya ne, kalamansu ma kamar mutum ɗaya ya rubuta. Babbar alamar kuma ita ce ya janye ka daga dandalin da ke riƙe kuɗi har kaya su iso, ya ce ku koma ta waya ka yi masa tiransifa kai tsaye zai rage maka kuɗin kamasho. Wannan ragin shi ne kuɗin da ka sayar da damarka ta ƙorafi, cinikin biri a sama kenan.

In hannu da hannu ne, ku haɗu inda akwai wuta da kwamfutar gwaji, a saka katin, ka sauko da direba daga shafin kamfanin da kanka, ka buɗe GPU-Z, sannan a sa masa manhajar gwaji irin FurMark ko Unigine Heaven ko gem mai nauyi ya yi kamar minti 20 zuwa 30 kana kallon zafinsa da sikirin. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan, wanda ya fara duba agogo yana cewa ana jiransa ka ƙyale shi ya tafi. In kuma aike ne, ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗi, ka ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif ɗin kwali har fito da kaya da nuna siriyal ba tare da ka tsayar ba, kuma ka yi duk gwajin a ranar, kar ka ajiye kati a kwali kana jiran sauran kaya su cika har kwanakin mayarwa su wuce, in kwamfutarka ba ta haɗu ba ka roƙi wani ya ara maka tasa. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, ya adana hirarsu da rasit da hoton tallan tun kafin a goge, ya kai ƙara wajen dandalin da bankinsa da wuri, sannan dan Allah kar ya juya ya sayar wa wani bawan Allah da katin don ya fanshe.